Hawainiyar Yayana da Koren Zanin Mma

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a zauren gidanmu na Salaga, na yi jinyar hawainiya. Na san wasunku sun fara dariya tun yanzu. Ku yi abinku, ni ma da wata ce ta ba ni labarin, da na ce ta rasa aikin yi. Amma duk wanda ya san ni ya san ko ƙadangare ne ya gifta ta gabana sai na tattare zani na yi tsalle, don haka ku tabbata ba don sha'awa na yi ba.

Hawainiyar ta yayana ce. Mu biyu ne a wurin mahaifiyata, shi ɗan fari, ni auta, mahaifinmu kuwa ya rasu tun ina ƙarama. Kakanninmu fataken goro ne, amma a zamaninmu goro ya zama labari, sai yayana ya kama hanyar Bawku, ya hau da doya ya sauko da albasa. Wata rana yana jiran a gama lodi, ya tsaya gaban wani mai maganin gargajiya a kasuwar Bawku. Cikin tarkacen mutumin akwai busassun hawainiyoyi a tsire jikin kara, sai guda mai rai da aka ɗaure wa ƙugu da zare tana jiran ranarta. Yayana ya ce yana tsaye kawai ta miƙo hannu a hankali ta kama bakin hannun kwat ɗinsa, ta ƙi saki. Ya saye ta, ya zo mana da ita gida a cikin kwando, yana washe baki kamar wanda ya zo da tsarabar Makka.

Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ta kusa tara mana unguwa. A gidanmu tun muna yara an faɗa mana ba a barin hawainiya ta ɗauki launin tufar mutum. An ce in ta ɗauka ta riƙe, to ta riƙe wani abu naka, duk abin da ya same ta kai ma sai ka taɓa. Ni ban san inda maganar ta samo asali ba, a bakin kakata na ji, ita ma a bakin tata kakar. Yayana kuwa yana da wata tsohuwar kwat mai ruwan ƙasa da ba ya rabuwa da ita ko ana zafin da kaza ke buɗe baki, da tabon baƙin mai a kafaɗar hagu. Sai ya ɗora hawainiyar a kan wannan kafaɗa yana zagaya tsakar gida. Muna kallo za ta bar korenta a hankali ta koma kalar kwat ɗin, shi kuma yana ta dariya.

Mma ba ta yi masa magana kai tsaye ba, don ba ta saba ba. Ita irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta zauna tabarma ɗaya da shi ba. In za ta ba shi abinci sai ta ce, "Auta, kai wa wancan." In ya dawo daga tafiya lafiya, iyakarta ta ɗaga kai ta dube shi ta ci gaba da tsince wakenta. A ranar ma ni ta kalla ta ce, "Auta, gaya wa mutumin nan ya fitar min da abin nan daga tsakar gida." Shi kuma yana tsaye a gabanta ya ce, "Auta, gaya wa Mma an ji." Haka hawainiya ta koma ɗakinsa da ke jikin zaure. In zai yi tafiya sai ya cika mata kwando da ɗanyen ganye ya yayyafa masa ruwa, ya ajiye ɓawon mangwaro don ƙudaje, ya bar taga a buɗe. Ni dai ko leƙe ba na yi.

Da bazarar wata shekara, lokacin da zafi ya kai maƙura, ya taso daga Bawku da ciwon kai. Direban motar da ya hau ya ce tun daga Nalerigu yake riƙe ƙeya, kafin su kai Yendi wuyansa ya sandare, bai san inda yake ba. Aka sauke shi aka kai asibiti, aka ce sanƙarau ne. Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, a Yendi take aure, ita ta kira mu tana kuka. Na kulle zaure, na rufe tagar ɗakinsa saboda awakin maƙwabta, muka shiga mota. Wallahi ko kaɗan hawainiya ba ta faɗo min a rai ba.

A kwanakin farko ba a bari a shiga wurinsa, sai ta taga muka gan shi. Yana kwance an sa masa ƙarin ruwa, kansa ya lanƙwashe baya, bakinsa a ɗan buɗe. Na fashe da kuka. Mma ba ta ma ƙaraso bakin tagar ba, can baya ta tsaya cikin baƙin mayafinta tana jan carbi, fuskarta a bushe. Mun fi mako a Yendi, kullum haka. Daga ƙarshe ta ce wa gwaggo, "Ɗanki ne, ki ji da shi, mu za mu koma gida." Na ji haushinta sosai. A mota har muka wuce Bimbilla ban ce mata uffan ba, ina ta cewa a raina wace irin kunya ce wannan da ta fi ran mutum.

Washegarin dawowarmu da hantsi na buɗe ɗakinsa don in haɗa kayan sawa a aika wa gwaggo. Ɗakin ya ɗauki zafi, ga warin albasa da ta fara ruɓewa. Ina durƙushe gaban akwatinsa sai na ji a jikina ana kallona. Kun san yadda ƙeyar mutum take yi. Na waiwaya ban ga kowa ba, sai kwandon nan a kan benci. Ganyen ciki ya bushe ƙayau. Ita kuma tana kwance a ƙasan kwandon, ta rame har ana ganin haƙarƙarinta, jelar da ta saba naɗewa ta miƙe sambal, idanunta sun faɗa. Launinta na kwat ɗin yayana ne sak, har da wani duhu-duhu a kafaɗar hagu. Kanta ya lanƙwashe baya, bakinta a ɗan buɗe. Ido ɗaya ya juyo a hankali ya tsaya a kaina.

Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar gida ba. Na ce, "Mma, abin nan yana nan da rai! Bari in samo sanda in wurga shi bayan katanga." Ta tashi ta je ta leƙa daga bakin ƙofa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo. Ta ce, "Ba wanda zai taɓa ta. Kalarsa ce a jikinta." Na ce, "Haba Mma, ke da kike zuwa karatu wurin malama, ai kin san wannan camfi ne." Ta ce, "Na sani, Allah ne mai yi. Amma kada ta mutu a gidan nan. Ke za ki kula da ita."

To ni ma ba a yarda ta ɗauki kalata ba, ga shi sana'ata kullum cikin atamfa nake. Sai Mma ta kawo dabara. Ta sa na yanka wa buhun albasa wuya da hannu, in zan je wurin hawainiya in zura shi a kan kayana, tunda buhu ba tufar kowa ba ne. Ku dubi wannan abu, ni da 'yan matan unguwa suke layi don in fitar musu da ɗinkin sallah, ga ni cikin buhu. Wata mai kawo ɗinki ta taɓa shigowa ta same ni haka, ta yi salati ta koma da baya. Har yau in mun haɗu a biki sai ta tambaye ni ko yayin ya dawo.

Na rataye kwandon a jikin bishiyar lemun tsami da ke tsakar gidanmu, na sa sabon ganye, na ajiye mata ruwa a murfin kwalba. Ba ta kalle shi ba. Na kawo tuwo, na kawo ɓarin ƙosai, har koko na ɗiga mata a cokali, don ni a sanina mara lafiya koko ake ba shi. Da na rasa yadda zan yi na kira abokin yayana na Bawku, wanda suke lodin albasa tare. Ya yi dariya har da tari, sannan ya tuna halin da ake ciki ya daina. Ya ce, "Sista, abin nan ba shi cin tuwo koraa, ko kaɗan. Ƙuda ne shi ke ci, kuma sai mai rai. In ƙuda ya mutu ba shi duba shi." Na ce ruwa fa? Ya ce shi dai bai taɓa ganin ta sha ba.

Haka na koma farautar ƙuda da rariyar tankaɗe da ruɓaɓɓen mangwaro. In na kama in saka mata a kwando, ƙuda ya yi ta yawo har a kan hancinta, ko motsi ba ta yi. Idon nan ɗaya ne kawai yake bina duk inda na yi, ɗayan kuma kullum yana kallon arewa, wajen hanyar Yendi. Na juya kwandon don in gwada, idon ya sake komawa can. Na daina gwadawa, don abin ya fara taɓa min barci da cin abinci. Gwaggo kuwa in ta kira magana ɗaya ce, yana nan yadda yake, ko ruwa ba ya haɗiya.

Ranar da abin ya sauya, alwalar azahar nake yi a gindin lemon. Da na gama na yarfe hannuna, ruwan ya fantsama a kan ganyen kwandon. Ina shirin tashi sai na ga bakinta yana motsi. Wani ɗigo ya taru a bakin ganye yana lilo, ta miƙa wuya da ƙyar ta lashe shi. Ta jira na biyu. Ashe ita ba ta san ruwan da ke zaune a murfi ba, sai wanda ke gangarowa a ganye, ni kuma na yi ta ajiye mata murfi ina cewa taurin kai ne da ita. Na ɗauki buta na yi ta yayyafi, tana ta sha, ina ta kuka ban san dalili ba. Bayan la'asar gwaggo ta kira. Ta ce, "Auta, yau ɗana ya haɗiye ruwa a cokali. Nas ɗin ta yi murna paa, sosai da sosai." Na tambaye ta da wane lokaci. Ta ce ana kiran azahar. Na dubi Mma, ita ma ni take kallo.

Daga nan kwanaki suka riƙa tafiya haka. Ranar da ta fara harba harshe ta kama ƙuda, gwaggo ta ce ya buɗe ido. Ranar da ta yi ƙoƙarin hawa reshe ta faɗo, zazzaɓi ya dawo masa. Na san zuciya tana iya haɗa abin da ba a haɗa ba, kuma wataƙila akwai ranakun da abin bai dace ba muka ƙi lura. Amma a lokacin tsoro nake ji ƙwarai. In na fito da safe kwandon nake fara dubawa. Na daina ganin ƙyamarta. Na koyi ɗaukarta a tafin hannu, na san yadda 'yan yatsunta suke damƙe nawa, har hira nake mata ina ce mata ta yi wa Allah ta daure. Mma ba ta zuwa kusa, amma na lura ta dawo da wurin alwalarta kusa da lemon, kuma in ta gama tana yarfe hannu da ƙarfi fiye da yadda ta saba.

Abu ɗaya ne ya ƙi sauyawa, launin. Ta fara cika, jelarta ta fara naɗewa, amma tana nan ruwan ƙasa da tabonta a kafaɗa, ko a kan ɗanyen ganye take. Yayana ma haka. Ido a buɗe, amma bai san gwaggo ba, bai ce komai ba, sai kallon rufi. Dokta ya ce sun yi iyakar yinsu, sai a jira a gani, wasu suna dawowa wasu ba sa dawowa.

Sai wata rana da rana tsaka. Irin zafin nan ne da unguwa take yin tsit, ba kukan akuya, ba motsin yaro, ko ganye ba ya kaɗawa. Na zura buhuna na fito da buta. Ina leƙa kwandon na ga ta yi fari fat tun daga kai har jela, kamar an naɗe ta a likkafani. Idanunta duka biyu a rufe. Na yayyafa ruwa, ba ta motsa ba. Na jawo waya na kira gwaggo, ba ta shiga. Na sake kira, shiru. Na kira mijinta, wayar a kashe. Sai kawai na zube a wurin na kurma ihu ina kiran Mma.

Ta fito da tsohon zaninta na aikin gida. Ta zo har gaban kwandon, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya tana kallo. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta juya ta koma ɗaki. Na ji ƙarar murfin akwatinta na ƙarfe. Da ta fito, sanye take da koren zaninta mai ɗigo-ɗigon rawaya, riga da zani da ɗankwali, wanda ni na ɗinka mata da babbar sallah, wanda ta fi so a duk kayanta. Ta shimfiɗa tabarma a gindin lemon ta zauna ta miƙe ƙafa, ta baza zanin a cinyarta.

Ta ce, "Miƙo min ita."

Na gane abin da take nufi. Na ce, "Mma, don Allah ki bari. Ko buhun ne ki sa."

Ta ce, "Auta, miƙo min ita na ce."

Na ɗauko ta na ɗora mata a cinya. Ba nauyi ko kaɗan, fatar ta bushe tana ƙaras-ƙaras a hannuna. Mma ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Ke baiwar Allah, kin riƙe nasa ya isa haka. Ga nawa." Na ce, "Mma, ki yi istigfari, wannan ba kyau." Ba ta ɗago ba ta ce, "Da Ubangijina nake magana. Ita shaida ce kawai." Sannan ta kira sunan yayana. Ta kira shi a fili, cikakke, yadda aka raɗa masa, ta sake kira, ta ce, "Tashi." A bakinta sunan ya zama baƙo, kamar ban taɓa jin sa ba.

Mun daɗe a zaune. Inuwar lemon ta fara matsawa. Can sai na ji wani ɗan sauti, na duba, farar fatar ta tsage a ƙeya. Hawainiyar ta kumbura jiki, ta goga kanta a gwiwar Mma, fatar ta riƙa ɓarewa tana zubowa a kan zanin. Abin da ya fito daga ciki kore ne shar, da ɗigo-ɗigon rawaya a gefen ciki. Babu ruwan ƙasa, babu tabo a kafaɗa. Ta buɗe idanu, duka biyun suka juyo suka tsaya a fuskar Mma. In ba don tana motsi ba, da ba za ka bambance ta da zanin ba.

Yanzu na sani saɓa take yi, kamar yadda maciji yake yi, kuma hawainiyar da ta samu ruwa da abinci dama kore take komawa. An yi min wannan bayani ba sau ɗaya ba, kuma na yarda. Amma ina gaya muku abin da ya biyo baya ne kawai. Ana sallame la'asar wayar gwaggo ta shigo, ta ce ashe cajinta ne ya ƙare. Sai ta ce, "Auta, ya yi magana! Ya gane ni!" Na ce me ya ce? Ta ce, "Cewa ya yi wai Mma ta tafi ne? Na ce Mma ai tana Salaga. Ya ce a'a, yanzu ta fita." Gwaggo ta yi dariya ta ce zafin ciwo ne. Ni ban yi dariya ba. Mma ta miƙe ta kakkaɓe ɓawon fatar daga zaninta, ta ɗora hawainiyar a reshen lemon da hannunta, ta ce min, "Abin da kika gani ya tsaya a nan. Kada wancan ya ji." Na ce to.

Yayana ya dawo gida farkon damina, ya rame, kunnensa ɗaya ya daina ji, amma da ƙafarsa ya shigo. Mma ta ɗaga kai ta dube shi ta ci gaba da tsince wakenta. Ta ce, "Auta, kai wa wancan ruwa." Kwat ɗin nan an ƙona ta a asibiti tare da kayan da ya zo da su, bai sake sayen irinta ba. Hawainiya ta zauna a lemon abinta ba kwando, kullum kore. Na yar da buhuna.

Mma ta yi daminar nan lafiya lau, ni ce ban yi ta lafiya ba. In ta yi tari sai gabana ya faɗi, in ta daɗe a banɗaki sai na je na tsaya a ƙofa. Na kuma ga tana wasu abubuwa. Ta kai ziyara Bimbilla wurin wata 'yar uwarta da suka shekara ba sa magana. Ta zaunar da ni ta koya min yadda take haɗa daddawarta, abin da na yi ta roƙo a baya tana cewa da sauran lokaci. Ta raba tukwanenta na ƙasa. In na yi magana sai ta ce, "Ke dai kin cika tsoro, tsufa ne kawai." Bayan an gama haƙar doya, wata safiya da hantsi tana zaune a gindin lemon da tiren wake a cinya, na fito daga zaure in tambaye ta zare, na same ta ta jingina da bishiyar. Dama tana da hawan jini tun da daɗewa, dokta ya ce shi ne. Bayan an dawo daga maƙabarta na duba lemon reshe-reshe, ban ga hawainiyar ba, kuma ba mu sake ganinta ba.

Da aka zo rabon kayanta, gwaggo ta zo daga Yendi, aka buɗe akwatin ƙarfen. Kayan mata ne, ba wanda ya zaci yayana zai ce yana son wani abu. Yana zaune a bakin ƙofa ya juyo da kunnensa mai ji. Da aka ɗago koren zanin sai ya ce, "Wannan ku bar min." Gwaggo ta ce me namiji zai yi da zani? Ya miƙa hannu ya karɓa. Da yamma na same shi a zaure shi kaɗai, zanin a ninke a kan gwiwarsa. Ya ce, "Auta, da shi ta zo asibiti." Na ce, "A'a Yaya, baƙin mayafi ta sa, kuma ko bakin taga ba ta ƙaraso ba." Ya girgiza kai. Ya ce, "Ba ranar da kuka zo ba. Ranar da na farka. Ta shigo har bakin gado da wannan zanin, ta ce in tashi in ba ta wurin." Ya shafa zanin. Ya ce, "Da ba zan tashi ba, don na gaji sosai. Amma sunana ta kira. Ban taɓa jin ta kira ba, sai na ce bari in ga ko lafiya."

A nan na karya alkawarin da na yi wa Mma, na faɗa masa komai. Muka zauna a zauren nan muna kuka kamar yara har aka kira magariba.

Ban zo in ce muku hawainiya tana riƙe ran mutum ba. Rai a hannun Allah yake, kwanan Mma ne ya ƙare, na yayana kuma da saura, ga shi yanzu har da 'ya'ya, babbar mai sunanta ce. Na tambayi malamai, na yi mata istigfari, ina kan yi. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Na yi shekaru ina ganin matar nan ba ta damu da ɗanta ba, har na yi fushi da ita a mota tun daga Yendi, alhali ita tana zaune kusa da ni da abin da ya fi ƙarfin bakinta. Yanzu in na ga tsohuwa ta ɗauke kai daga ɗanta na fari, ba na saurin yanke mata hukunci.

Tsoron kuwa bai gama sakina ba. Har yau ina ɗinki, amma in aka kawo min kore mai ɗigon rawaya sai in ce aiki ya yi min yawa, a kai wa wata. Lemon yana nan a tsakar gidanmu, ya tsufa, ba ya ma 'ya'ya sosai. Yayana ya hana a sare shi. Ni kuma duk azahar a gindinsa nake alwala, in na gama sai in yarfe hannuna a kan ganyen, in ɗan tsaya ina kallo kafin in shiga salla.